Dariyar Da Na Daɗe Ina Riƙewa

"Don Allah ka daina ba ni dariya!" na ce, ina matse cinyoyina a kan bencin shagonsa.

Mai gyaran fanka ya tsaya da sukudireba a hannu.

"Haba zuciyata! Ina neman aurenki da barkwanci, ke kullum fuska kamar an aiko miki da saƙon mutuwa?"

Ai da ya sani!

Tun haihuwar ɗiyata, kafin mijina ya rasu, fitsari ke kufce mini. Tari, atishawa, dariya... sai dai na ji ɗumi.

Ranar dai na gaji, na faɗa masa gaskiya, kaina a ƙasa.

Ya sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi! Wallahi na zaci barkwancin nawa ne ba daɗi."

Na tuntsire, abin da nake gudu ya faru. Bawan Allah ya juya baya ya kama wata fanka da ba abin da ya same ta, har na gyara mayafina. A nan na san ina son sa.

Shi ya raka ni asibiti, sashen gashin ƙashi.

"Naman da ke riƙe mafitsara ne ya saki," in ji likitar. "Ki matse kamar mai riƙe iska, ki saki, ki sake. Ban da riƙe numfashi! In tari ko dariya za su zo, ki riga su matsewa."

Ina wanke-wanke ina yi, ina cikin mota ina yi. Sannu a hankali ƙunzugun da nake sawa ya fara kai yamma a bushe.

Ashe 'yar ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta daɗe tana mafarkinsa, ta gan ni a layin likitar. Ta kwashe ta kai wa Umma, mahaifiyarsa.

Umma ta aiko na zo.

"Mai yoyo zai kwaso mana!" in ji yarinyar tana taɓe baki.

"An ce ba ki da lafiya," Umma ta ce ba fara'a. "Ɗana ba zai..."

Atishawa ta katse ta. Ta yi saurin harɗe ƙafafu, fuskarta ta sauya. Sai a lokacin na lura: kujerarta dab da ƙofar banɗaki, ga leda ta leƙo ƙarƙashin shimfiɗa.

Tausayi ya kama ni.

"Ƙanwata, taimaka mini da ruwa mana," na ce wa yarinyar.

Tana fita na matsa, na rage murya.

"Umma, likitar mace ce, kuma rufe ƙofa take yi."

Ta harare ni. Can sai idonta ya kawo ruwa.

"Rabona da biki har na manta... Yana yi wa tsofaffi?"

"Yana yi, Umma."

Tare muka riƙa zuwa. Da yarinyar ta sake tayar da maganar, Umma ta ce ta je ta share tsakar gida.

Ran da aka kawo ni, ango ya shigo gaida Umma, hula a karkace.

"Umma, ga amaryar da ta ce ba na ba ta dariya!"

Muka kalli juna ni da ita. Kowa ta riga ta matse, sannan muka saki dariya har da dukan cinya.

Hawaye ne kaɗai ya jiƙa mu.