Minsharin Isufu

"Manzo, don Allah kada ka taɓa shi!"

Nasiba ce a bakin rumfa, mayafinta ya zame.

Maza sun riga sun taru. A Filinge, babu abin da ke tara maza kamar aikin da wani ne zai ji zafinsa.

Isufu, ɗanta mai shekara shida, maraya, yana minshari kamar dattijo. Yana wuni da ciwon kai, yana gyangyaɗi a lakwal, makarantar boko. Mahaifinta Malam Sa'idu ya yanke hukunci: beli ne, ɗan naman nan mai reto a maƙogwaro, wanda marigayi uban yaron ya hana a cire tun ranar suna. Sai aka kira wanzami.

Wanzamin kuwa Manzo ne, mai neman aurenta.

"Ke, koma ciki!" in ji Malam Sa'idu.

"Baba, ku dube shi dai..."

Suna wannan gardama barci ya kwashe yaron a kan tabarma, da rana tsaka. Manzo ya durƙusa da askarsa. Minshari ya hau, ya hau... sai ya yanke.

Ƙirjin na motsi, iska ba ta shiga.



Can yaron ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

"Subhanallahi," Manzo ya ce a hankali. "Tafiya yake yi ya dawo."

"Kullum haka yake," in ji Nasiba. "Na faɗa, aka ce tsoron uwa ne."

Manzo ya mayar da aska cikin zabira.

"Baba, ban san wannan ba. Ba ni yanka abin da ban sani ba."

"To wanzami mai tsoron jini ba shi samun ɗiyata!"

Tijjani, ɗan ƙanen Malam, wanda ya daɗe da sa mata ido, ya gyara hula. "Akwai wanzami na gaske a Baleyara. Ran Lahadi ni zan kai shi."

Manzo ya dubi Nasiba. "Ko na rasa ki, hasken idona, mu tafi likita."

"Ɗauko babur," ta ce.

A can asibitin wata ma'aikaciya ta ɗaura wa yaron abin awo a dantse. Ta auna. Ta sake. Washegari ma ta sake.

"Tansiyo ne. Hawan jini."

"Ciwon tsofaffi?" Nasiba ta dafe ƙirji. "Ko haƙoransa ba su gama faɗuwa ba!"

"Ba beli ba ne," in ji ma'aikaciyar. "Wani nama ne ya kumbura can cikin maƙogwaro, yana toshe iska. Duk sanda numfashi ya tsaya, zuciya ke ɗaukar wahalar. Shekaru ke nan tana fama dominsa, ba wanda ya sani."

Nasiba ta ɗora tafinta a kan ɗan ƙirjin. Abu kamar ƙwai, yana bugawa, bai taɓa yin ƙorafi ba.

A Yamai aka yi aikin cire naman. Sannu a hankali jinin ya sauka.

Bayan sun dawo, wata la'asar Malam Sa'idu ya iske jikansa yana barci shiru. Ya tsorata. Ya kai yatsa bakin hancin, ya ji iska mai ɗumi tana fita, tana komawa. Ya daɗe a durƙushe yana tasbihi.

Bai ba kowa haƙuri ba. Irinsu ba su yi.

Ya dai tsare Manzo a ƙofar masallaci, yana kallon wani waje.

"Kai, manyanka ba su san hanyar gidana ba ne?"