Takabar Daso

Shekarar da Nasara suka sa aka haƙa rijiya a bayan Yekuwa, ƙasa ta rufta da Muttaƙa mahaƙi, sai baƙin rami. Aka ƙuƙƙulla igiyoyin gugan garin kaf aka zura, ba su taɓo komai ba. Aka jefa turmi, ba wanda ya ji saukarsa. Liman ya ce ko da babu gawa, Daso matar Muttaƙa ta shiga takaba.

Ta shiga. Ba ta yi kuka ba. Ta daka, ta ci, ta kwanta.

Wata rana da almuru tana tankaɗe, sai ta ji sallama a bakin darni, murya can ƙasa kamar ana magana cikin tulu. Mutum ne tsaye. Ko ganye ba ya motsi a garin, amma rigarsa sama take tashi tana kaɗawa, har da layun wuyansa. Yatsun ƙafarsa sai laluben ƙasa suke.

"Daso, wa ya ce ki yi takaba?"

"Liman ne, Malam."

"Ki ce masa ya dakata. Ban kai ƙasan ramin ba tukuna."