Ƙofar da Gitae Ya Buɗe

A bakin lif ɗin gidan hayarsu da ke birnin Cheongju na ƙasar Koriya Gitae ya fara ganin Dasom, tana jan akwati ɗaya tal. Ya kama mata, ta gode ba tare da ta ɗago kai ba. Bawan Allah, tun daga ranar bini-bini ya sauko zubar da shara ko zai gan ta.

Bai san gudowa ta yi daga mijin da ke dukanta ba, balle ya san ƙarar rabuwarsu na kotu.

Da lokacin haɗa kimchi, wato kabejin da ake tsimawa da yaji, ya yi, sa'ad da kowace uwa ke aika wa 'yarta kasonta, ya tarar da wani mutum a ƙofar gidan rungume da ƙaton mazubi.

"Ɗan'uwa, taimaka ka buɗe min. Saƙon surukata ne na kawo wa Dasom, lambar ƙofar ta shige min."

Wa ke tuhumar mai ɗauke da kimchin uwa? Ita kanta uwar Dasom, kuka da durƙuso surukin ya yi mata ta ba shi adireshin, wai a sasanta. Gitae ya buɗe, har da nuna masa ɗakin.

Ashe mijin ne. Gitae ne ya ji ihun Dasom, shi ya kira 'yan sanda. Dasom ta fito daga asibiti kunnenta na hagu ba ya ji.

Ta nemi kotu ta hana mijin kusantarta, shi kuwa ya rantse ita ta gayyace shi ta buɗe masa. Gitae ya tura mata saƙo:

"Maƙwabciya, ni na buɗe masa. Ban cancanci amsarki ba, amma zan faɗa a gaban alƙali."

Sai da ya fid da rai amsa ta zo:

"Ka zo. Ka sa rigar kirki, ba ta zubar da shara ba."

Shaidarsa ta tsaya. Alƙali ya haramta wa mutumin zuwa inda take ko kiran wayarta, daga baya aka raba auren.

Da Gitae ya ce zai auri Dasom, uwarsa ta ƙi. "Bazawara? 'Yan matan garin nan sun ƙare ne? Tausayi ke ɗibarka, ba so ba!"

"Umma, tun kafin abin ya faru shara ba ta wuni a ɗakina."

Da ƙyar ta sauko. Ranar biki ango da amarya suka rusuna wa iyaye. Uwar Dasom ta riƙe hannun 'yarta tana kuka, ta kasa neman gafara, sai albarka take ta sa musu.

Murna ta mantar da Gitae, ya sunkuya ta hagunta ya raɗa mata yana sonta. Ba ta ji ba. Idonsa ya cika.

Ta lura, ta ja shi zuwa damanta. "Maƙwabci, ta nan ake shigowa yanzu. Maimaita."