Rigar Da Ba Ta Taɓa Matse Ta Ba

Kwana tara takardar asibitin ta yi a kan tebur, an danne ta da kofi, ba a sa mata hannu ba. Auta na zaune a doguwar kujera, kumburarrun ƙafafunta bisa matashi, tana haki kamar wadda ta yi tsere, alhali daga kicin kawai ta fito. Shekararta talatin da ɗaya. Likita ta ce suga da hawan jini sun kama ta, kuma ƙibar ce ke ba su ƙarfi. Ta kawo shawarar tiyatar rage tumbi, ta ce Auta ta je gida ta yi tunani. To ina tunani, gida cike da masu yi mata shi?

"Ni ban ga abin jira ba," in ji Yaya, yayar mijinta, tana latsa waya. "Ga wani wuri na gani, babu ruwansu da dogon bincike. Yau ki je, jibi a yi, wata biyu kin koma sanda! Shekara shida ko ɓari babu, ƙanina na ta haƙuri. Kujerar nan ma ta gaji da ke."

"Ke, rufe mana baki!" Inna, mahaifiyar Auta, ta miƙe tsaye. "'Yar wa za a yanka? Ubanta da ƙafarsa ya shiga ɗakin tiyata, a kan gado aka turo min shi an rufe fuska. Auta, dube ni nan. In kika sa hannu a takardar nan, ban yafe ba!"

Auta ta juya wajen mijinta. Tela ne, yana tsaye bakin ƙofa da tef ɗin awo a wuya.

"Maigida, kai me ka ce?"

"Ni a wurina lafiyarki lau," ya faɗa a hankali. "Yadda na auro ki, haka kike."

Kullum haka yake cewa, ita kuma ta yarda. Me zai hana? Rigunanta na shekarar aure har yau suna shigarta. Har gardama ta taɓa yi da nas, wai sikelinsu ne ya lalace.

Bayan kwana uku rigarta ta farke a hammata. Ta lallaba da kyar zuwa shagonsa a tsallaken titi, ta tarar ya tafi sayen zare. Ta zauna a bencinsa, ta juya rigar ciki waje don ta kama wurin da kanta. Nan ta gani. Daga hammata har ƙasa an ƙara ƙyalle, bayansa wani, bayansa wani, har huɗu kowane gefe. An haɗa zanen daidai, ɗinkin siriri, mai sawa ba zai taɓa ganewa ba. Ta jawo durowar ƙasa. Ga ragowar yadin kowace riga da ta mallaka, a ninke, ana jiran ranarsu. Ashe gugar da yake cewa zai yi mata a shago ke nan!

Da ya shigo ya ga rigar a cinyarta, ledar zaren ta faɗi.

"Tun yaushe?"

"Auta—"

"Na ce tun yaushe!"

"Tun ranar da kika yi kuka gaban madubi. Shekarar farko. Ban iya ganin kukanki ba."

"Sai ka ɗinke min ido? Da riga ta matse ni, da na farka tun da sauran dama! Yaya na zagina, amma gaskiya take faɗa da mugun baki. Kai kuwa da baki mai daɗi ka yi ta binne ni!"

Tela ya durƙusa gefen keken ɗinki, namiji guda yana kuka.

"Tsoro nake ji. In an yi, tsoro. In ba a yi ba, tsoro. Ban san wanne zai raba ni da ke ba."

Kwana biyu ba ta kula shi ba. A na uku ta ce ya sa takalmi ya raka ta asibiti, kuma ya buɗe kunnensa.

Likitar ba ta yi musu zaƙin baki ba. Ta ce aikin ba sihiri ba ne. Tumbi zai koma ƙarami, cin da ta saba ya ƙare har abada, ƙwayoyin bitamin kuma sai dai mutuwa ta raba. Akwai haɗari, ba ta ɓoye ba. Amma zama haka ma haɗari ne, mai tafiyar hawainiya. Kuma ba za ta taɓa Auta ba sai an yi wata shida ana gwaje-gwaje, tana koyon sabon ci.

"Don wa za ki yi?" likitar ta tambaya.

Auta ta ɗago kai ta dube ta.

"Ba don haihuwa ba, ba don bakin kowa ba. So nake in rayu, Likita. Amma ba zan kwanta a gadon nan da fushin uwata a kaina ba."

Watannin nan sun yi ɗaci. Inna ta ɗauke ƙafa, ko waya ba ta ɗagawa. Yaya ta zo shago ta ce wa ƙaninta ya sallami mai taurin kan nan ya huta.

"Yaya, da girmanki," ya ce, "ki bar min gidana."

Abin da Auta ke ci shi yake ci, ɗan kaɗan a ƙaramin faranti. Kullum da safe yana riƙe da hannunta suna takawa zuwa ƙarshen layi, masu shaguna na kallo, wasu na dariya. Duk sati kuma sai ta aika wa Inna gaisuwa, ko da ba a amsa ba.

A wata na biyar wani ɗan miki ya fito mata a yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa. Da Inna ta ji, zuciyar uwa ta kasa. Ta zo ba sallama mai kyau, ta ɗebo ruwan ɗumi, ta ɗora ƙafar a cinyarta tana wankewa. Garin gogewa farcenta ya nutse a tafin ƙafar har ya yi shaida.

"Wayyo, sannu! Na ji miki ciwo?"

"Ina, Inna?"

Inna ta sake dannawa, da ƙarfi. Auta na kallonta kawai, ba ta ji komai ba. Tsohuwar ta rungume ƙafar nan ta fashe da kuka.

Washegari Inna da kanta ta raka Auta ofishin likita.

"Ki rantse min za ta fito da rai."

"Ba zan rantse ba, Inna. Rai na Allah ne. Abin da na sani, yawancinsu suna fitowa lafiya. In kuma aka bar ta haka, ba a yatsa zai tsaya ba."

Inna ta goge ido da gefen mayafi.

"Da kin rantse, da na ɗauke 'yata na tafi. Auta, na janye maganata. Sa hannu, Allah Ya yi miki albarka."

An yi aikin, ta fito. Kada wani ya ce muku daga nan sai daɗi. Makonni tana kurɓar ruwa-ruwa da cokali, ta yi amai har ta gaji, gashinta ya zube, fata ta saki. Yatsan nan bai tsira ba, sai da aka cire shi. Akwai ranar da ta jefar da kofi ta ce da ta sani ba ta yi ba. Tela ya share wurin, ya sake zubo wani.

Bayan shekara da rabi, wata rana da azahar, Inna ta leƙo ɗaki ta tsaya cak. Shekara huɗu Auta a kan kujera take salla. Yau ga goshinta a ƙasa, ta daɗe ba ta ɗago ba, kafaɗunta na girgiza. Inna ta ja ƙofa a hankali, ta zauna a bakinta tana gadin kada kowa ya shiga.

Ku da kuke tasowa, ku riƙe wannan. Mai sonka ba shi ne mai ɓoye maka ciwonka ba, kuma wuƙar likita ba abin gaggawa ba ce, ba kuma abin gudu ba. A tambaya, a ji mai ɗaci, a nemi albarkar iyaye da haƙuri, sannan mai jikin ya yanke da kansa, don shi zai kwana a cikinsa.