Wasu Matasa Bakwai

Dab da magariba tsohon malamin ya sa wasiƙa a aljihu, ya nufi ofishin jarida. Sati uku ke nan suna buga cewa "wasu matasa bakwai" na tare mutane a lungun bayan makaranta. Wa aka tare? Yaushe? Babu suna, babu rana. Da ɗalibinsa ne ya kawo masa wannan shirme, da ya sha jan biro. Amma unguwa ta yarda. Mai shago tun la'asar yake rufewa.

Yau kuma ɗan jarida ya ɗauki hoton jikan malamin yana dawowa daga ƙwallo. Gobe za a buga.

Da gangan ya bi ta lungun, don ya shaida wa 'yan jaridar cewa ya bi, bai ga kowa ba.

Iska ta ɗauke. Wani wari ya taso, na tawada da jiƙaƙƙiyar takarda. Sai ƙara, kamar ana buɗe shafi.

Ga su jingine da katanga, kai a sunkuye. Ya ƙirga. Bakwai cif.

Shekara talatin da biyar a aji ba ta sakin mutum. Ya daka tsawa: "Kai, na farko! Sunanka?"

"Ba a ba mu suna ba, Malam," in ji shi cikin raɗa.

Ya ɗago. Babu ido, babu hanci, babu bakin da maganar ta fito. Fari fat, kamar takardar da ba a taɓa ba.

"'Ya'yan wa ne ku?"

"Na masu karantawa."

Suka matso.

"Gobe ɗayanmu zai sami fuska. A gaida jika."

Wani hannu mai sanyi ya laluba aljihunsa. Malam ya dafe wasiƙar, ya zura a guje. Takalmi ɗaya can ya bar shi.

A ƙofar ofishin mai gadi ya ce, "Baba, ai an tashi. Sai dai Litinin."

Hoton ya fito.

Yanzu maƙwabta rantsuwa suke sun ga yaron a lungu, daidai lokacin da yake gaban kakansa yana lissafi. Wasiƙa tara Malam ya rubuta, yana neman gyara a shafin farko, da baƙaƙe masu girman na ƙaryar. Shiru.

Kullum da safe yakan riƙo haɓar yaron, ya juya shi wajen haske.

"Kaka, lafiya?"

"Lafiya lau."

Girar hagu ta fara gogewa, kamar alli a jikin allo.