Matakalar Waje

"Ina zuwa kuma da rana tsaka?" in ji Slavka, tana juya jan tattasai a kan wuta.

"Sama za mu hau, Mama," in ji ɗanta Blagoj. "Ɗakinmu."

"To, ni dai tambaya na yi."

Tun Blagoj yana rarrafe mahaifinsa Metodi ya ɗora masa bene a kan gidansu, kamar yadda kowane uban kirki yake yi a garinsu Prilep. Matakalar kuwa ta cikin falon Slavka ta bi. Don haka amaryar Blagoj, Temjana, ba ta taɓa hawa ko sauka ba sai an duba takalminta, da jakarta, da kuma cikinta.

Blagoj da Temjana suna son juna, wannan ba a taɓa musu a kai ba. Sai dai in Mama ta tashi da fara'a, Blagoj ya wuni yana waƙa. In ta ɗaure fuska, ko kofi ba ya wuce masa.

Da kuka da magiya Temjana ta ja su duka huɗu zuwa wurin Dakta Ilinka, likitar da ke sauraron matsalolin iyali.

"Blagoj, yaya kake ji game da aurenka?" in ji likitar.

"Lafiya lau yake ji," in ji Slavka. "Ramewa kawai ya yi."

"Shi na tambaya."

"Ni na haife shi, 'yar nan!"

Daga baya likitar ta ce ya kamata ma'auratan su samu ƙofarsu ta kansu. Metodi ya yi murmushi, don maƙerin ƙarfe ne kuma an zo wurin da ya fahimta. Kafin sanyi ya shigo ya ƙera matakala ta waje, mai kyau ƙwarai.

Ƙarfe kuwa yana da amo. Yanzu Slavka ba ta ma buƙatar ɗaga kai kafin ta san wa ya hau ko ya sauka. Duk da haka ta mayar da kujerarta gindin matakalar, wai can ne rana take sauka.

"Magana ɗaya tak, Blagoj!" in ji Temjana. "Ka ce mata, Mama, ranar Lahadi a ɗakinmu za mu ci abinci. Don Allah, masoyina!"

Ya sauka da ƙarfinsa. Ta ji muryarsa, sannan ta ji Slavka tana neman na'urar awon hawan jini. Ya dawo riƙe da faranti.

"Ba ta da lafiya, Temjana. Wata rana dai."

Zama na gaba Temjana kaɗai ta je wurin likitar.

"Ke fa, me kike so?" in ji likitar.

"Ina so ya—"

"Ba shi ba. Ke."

Sai Temjana ta fashe da kuka. Ashe yadda yake kwana yana tashi da fuskar uwarsa, haka ita ma take kwana tana tashi da tasa.

Ta yi haƙuri har bazara, sannan ta kama ɗaki ita kaɗai a garin Bitola. Blagoj da kansa ya sauko mata da akwati, yana hawaye.

"Zan biyo ki, na rantse! Da zarar Mama ta ji sauƙi."

"Ka gaishe ta," in ji Temjana.

Slavka ta ji sauƙi a ranar, amma Blagoj bai biyo Temjana ba. Yakan bugo waya, a hankali, daga banɗaki.

Temjana ta daɗe tana jira. Wata safiya ta farka, ta dafa kofinta, ta lura tana cikin walwala alhali ba ta san yadda kowa ya tashi ba. Ba don wannan ta yi aure ba, amma ta karɓa.

Abin lura ga 'yan mata shi ne, haƙuri yana biya, sai dai ba lallai da abin da aka nema ba. Wanda bai mallaki zuciyarsa ba, ko ya ba ki ita, aro ya ba ki, kuma mai ita tana ƙasa tana sauraro.