Sawun da Aka Share a Talladje

"Tsaya nan. Kada ki taka mini ƙofa."

Rifkatu ta tsaya cak, kwanon farfesu yana ƙona mata tafin hannu. Inna Saratu, mahaifiyar saurayinta Barnaba, ta tare ƙofar gida da tsintsiya a hannu.

"Inna, ni ce fa... abinci na kawo mishi."

"Na san ke ce. Don ke ce na tsaida ki."

Tsohuwar ta sunkuya, ta shiga share sawun Rifkatu daga ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, har bakin hanya. Matan maƙwabta suna kallo, kuma a unguwar Talladje abin da mutum biyu suka gani da safe, kafin rana ta take ya zama na kowa.

Tun da aka kai kayan baikon Rifkatu, Barnaba bai ga rana mai daɗi ba. Ruwan sama ya kada katangar gidansu. Ɓarayi suka fasa shagonsa na gyaran firigo, wato firji, a bayan kasuwar Petit Marché. Sai ƙafafunsa suka fara kumbura, lokotoro ya ce ƙoda ce. Keziya, wadda suke waƙa tare da Rifkatu a koral ɗin majami'a, ta daɗe tana jiran Barnaba ya kalle ta bai kalla ba. Ita ta raɗa wa tsohuwa maganar, cikin murya mai laushi kamar mai addu'a: yarinyar nan farar ƙafa gare ta, duk inda ta taka arziki sai ya yi ƙaura. Inna Saratu ba ta fashin zumuntar mata, amma camfin da ta sha a nono a ƙauyensu na Maradi, ruwan baftisma bai wanke shi ba.

"Rifka..."

Barnaba ne ya fito yana dafa bango, fuskarsa a kumbure.

"Inna, ki ji tsoron Allah. Mu Kirista ne."

"Kirista ba shi mutuwa ne? Ɗa guda gare ni, Barnaba. Guda."

Ya juyo wajen Rifkatu, ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Sanyin idona, kada ki sa a ranki. Tsoro ne ke magana, ba Inna ba."

Rifkatu ta sunkuya. Ta ajiye kwanon a ƙasa, ta juya, tana jin ƙarar tsintsiya tana bin bayanta.

Kai tsaye ta wuce wurin Fasto Jibo, ta same shi a gindin darbejiyar majami'a.

"Baba, domi Allah ya bari?" ta ce, hawaye suna bin kumatunta. "Barnaba bai taɓa cutar kowa ba. Tun ina ƙarama nike waƙa a gidan Ubangiji. Mi munka yi?"

"Wasu za su ce miki zinariya sai da wuta," in ji dattijon. "Ni ma na sha faɗin haka a kan bagadi, kuma gaskiya ne. Amma ranar da na binne matata, maganar ba ta ɗumama ni ba. Ban san dalili ba, ɗiyata. Abin da na sani, Allah ba ya ajiye masifa a tafin ƙafar mace. Ki tsaya kusa da Barnaba. Zan yi wa Saratu magana."

"In kuma gaskiya gare ta fa?"

"Rifkatu..."

"In na tsaya ya mutu fa, Baba?"

Ta tafi da tambayarta kamar yadda ta zo da ita. Abin da ba ta faɗa wa Fasto ba shi ne, maganar Inna ta fi tasa sauƙin ɗauka. In ƙafarta ce, akwai magani, sai ta janye. In kuwa Allah ne ya yi shiru, babu abin yi sai ta zauna tana kallon wanda take so yana narkewa.

Ta daina ɗaukar wayar Barnaba. Ranar da ya gaji, ya shiga taksi da wannan jikin ya same ta a unguwar Plateau, a ƙofar biro, wato ofishin da take aikin sakatariya.

"Mi ya fito da kai cikin ranar nan?"

"Ke."

"Ka koma gida, Barnaba."

"Ke ce gidana, masoyiyata. Dube ni... dube ni mana."

Ta kafa idonta a kan gudron, kwaltar titi, don ta san in ta dube shi ba za ta iya ba.

"Na gaji. Ba ni iya auren majinyaci."

"Ƙarya kike. Muryarki rawa take."

"Ka yarda ko kada ka yarda."

Ya daɗe a tsaye yana numfashi da ƙyar.

"Ciwon nan na iya ɗauka, Rifka. Wannan ne ban san ko zan iya ba."

Ta shige ciki, ta kulle kanta a banɗaki, ta toshe bakinta da mayafi ta yi kuka kamar ranta zai fita.

Abin takaici, bayan rabuwar kumburin ya ɗan sauka. Keziya ta miƙe ranar Lahadi ta ba da shaida, ta ce Ubangiji ya kawar da abin da ya tare hanya. Wasu suka ce amin, wasu suka sunkuyar da kai. Rifkatu ta ɗauki jakarta ta fita, ta koma wata majami'a a ƙetaren kogi inda ba wanda ya san ta. Ta daina waƙa. Addu'arta ta zama guda ɗaya: "Ka bar shi da rai, ni na haƙura." Duk da haka wani lungu na zuciyarta yana roƙon Allah ya nuna wa duniya cewa ba ita ba ce.

Damina ta zagayo. Wata safiya Fasto Jibo ya shigo biro, hularsa a hannu. Bai zauna ba.

"Ciwon Barnaba ya dawo tun lokacin zafi," ya ce. "Ya hana a gaya miki, wai kada ki ɗora wa kanki. Yau da safe ya cika."

Ba ta yi kuka ba. Ta dai ji an ba ta amsar da ta roƙa, kuma da ta san farashinta da ba ta roƙa ba.

Taksi ya kasa shiga lungun su Barnaba saboda taɓo, sai da ƙafa ta ƙarasa, takalmanta a hannu. Masu zaman makoki sun cika ƙofa. Babu Keziya a ciki, tun da jinya ta yi nauyi ta ɗauke ƙafa. Rifkatu ta tsaya daidai inda aka tsayar da ita a wancan karon, ba ta ƙara taku ɗaya ba.

Inna Saratu ta fito. Ta rame, ta zama kamar ba ita ba. Ta dubi Rifkatu, ta koma ciki, ta dawo da bokitin ruwa. A gaban kowa ta durƙusa cikin taɓon ta kama ƙafar yarinyar.

"Inna, don Allah ki tashi..."

"Bar ni." Ta shiga wanke taɓon daga tsakanin yatsun. "Ba ki taka gidan ga ba, ɗiyata, kuma ya tahi. Sunanki shike kira har ƙarshe. Ya ce in kin zo, kada in bari ki tsaya waje."

"To domi, Inna? Domi Allah ya bari?"

"Ban sani ba. Na kasa zama ban sani ba, shi ya sa na ɗora miki."

A nan kukan ya ɓalle wa Rifkatu. Ciwon ba ita ta kawo shi ba, kuma ba ita ke da ikon kore shi ba. Abu ɗaya Allah ya sa a hannunta, ta zauna kusa da shi, shi ne kuma ta mayar.

Tsohuwar ta kama hannunta ta tsallakar da ita ƙofar. Ɗakin Barnaba a share yake, an naɗe katifa an jingine. A kan taga, daidai inda kansa yake kwanciya, ga kwanon farfesunta a wanke.

"Na so in aika miki da shi," in ji Inna. "Ya hana. Ya ce ke za ki zo ki ɗauka da kanki."